Tsofaffin Taraktocin Lambu a Amurka: Saye, Gyara da Sake Sayarwa

Taraktar lambu ƙaramar tarakta ce mai ƙafa huɗu wadda mutum ɗaya ke hawa. Tsayinta bai kai ƙirjin babban mutum ba, nauyinta kuma yakan kama daga kilo 250 zuwa wajen 450. Injinta na fetur ne, mai ƙarfin doki 7 zuwa 20. An ƙera ta ne domin magidantan Amurka da Kanada masu fili a jikin gida: lokacin shuka ta ja 'yar garma a lambun kayan miya, da zafi ta yanke ciyawa, da hunturu kuma ta ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Waɗanda aka ƙera daga wajen 1960 zuwa wajen 1990 su ne tsofaffi a wannan kasuwa. Akwai ma'aikata masu albashi da 'yan fansho da suka mai da sayensu da gyara su da sake sayarwa sana'a ta biyu, suna yin ta da yamma da ranakun hutu a garejin gida.

Mai shiga sana'ar sai ya fara sanin bambancin taraktar lambu da motar yankan ciyawa, domin daga nesa kamarsu ɗaya. Motar yankan ciyawa shasinta na falle ne, giyarta mara nauyi ce, aikinta ɗaya tak. Taraktar lambu kuwa shasinta na ƙarfe ne mai kauri, tayoyin baya manya ne a kan ƙafa mai inci 12 da ake ɗaurewa da notina, yawanci guda biyar, kamar na mota, kuma a bayanta akwai maɗaurin da ake maƙala garma ko injin kaftu. Wanda ya ɗauko motar yankan ciyawa a zaton taraktar lambu ce, da wuya ya mai da kuɗin da zai kashe mata.

Asalin waɗannan injuna yana haɗe da yadda Amurkawa suka sauya mazauni bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar da aka yi a 1944 ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojoji samun rancen gida, unguwanni suka yi ta tsirowa a bayan birane, kowane gida da filinsa. Filin ya fi ƙarfin injin turawa da hannu, bai kuma kai a saya masa taraktar gona ba. A 1946 Elmer Pond ya fara harhaɗa ƙananan taraktoci a South Bend ta jihar Indiana da rarar kayan motoci da na babura, shi da ɗansa Cecil, kuma daga nan aka samu jajayen taraktocin Wheel Horse, kamfanin da Toro ya saya a 1986. A 1961 kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet daga masana'antarsa ta Louisville a jihar Kentucky. Dabarar da suka yi ita ce ɗauko giyar taraktar gona ta Farmall Cub suka sa a ƙaramin jiki, shi ya sa har yau giyar tsohuwar Cub Cadet ta fi ƙarfin duk aikin da za a ɗora mata. An sayar da sashen Cub Cadet ga kamfanin MTD a 1981. John Deere ya shigo a 1963 da samfurin 110, wanda aka ƙera a Horicon ta jihar Wisconsin, guda 1,000 kacal a shekarar farko. Akwai kuma Bolens da Simplicity, dukansu daga Port Washington ta Wisconsin, da Case wadda daga baya ta koma Ingersoll, da Gravely, da waɗanda shagunan Sears suka riƙa sayarwa da sunan Suburban.

Abin da ya sa suke da kasuwa bayan shekara hamsin shi ne an ƙera su ne domin a riƙa gyarawa. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da injin Kohler na jerin K, mai silinda ɗaya, wanda aka zuba da baƙin ƙarfe. Lambar injin tana faɗar ƙarfinsa ga wanda ya sani: K161 doki 7, K181 doki 8, K241 doki 10, K301 doki 12, K321 doki 14, K341 kuma doki 16. Irin wannan inji in ya gaji ana kwance shi, a faɗaɗa ramin silinda, a sa fistan da ya fi na da girma kaɗan, ya koma aiki. Babu kwamfuta a jikinsa, wayoyinsa ba su da yawa, kuma har yanzu ana ƙera kayan gyaransa. Mai sifana da sukudireba da littafin gyara na kamfani zai iya yawancin aikin shi kaɗai.

Masu saye ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin wanda za a sayar wa shi ne ke nuna yawan aikin da ya kamata a yi. Mafi yawa su ne masu neman injin aiki: magidanci mai kadada ɗaya ko biyu da ya gaji da sababbin motocin yankan ciyawa masu saurin lalacewa. Shi abin da ya dame shi inji ya tashi da bugu ɗaya, giya ta ja, wuƙaƙen yanka su yi daidai. Fenti bai sha masa kai ba. Irin wannan mai saye yakan nemi John Deere 318, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992 da injin Onan mai silinda biyu da sitiyari mai taushi. Sai masu tarawa domin sha'awa, waɗanda galibi ke neman irin wadda mahaifinsu ko kakansu ya taɓa hawa. Su suna bin lambar jiki da shekarar ƙira, suna kuma biyan kuɗi mai kauri a kan abin da ya yi ƙaranci. Misali, tsakanin 1969 da 1971 John Deere ya fitar da wasu taraktoci farare masu bonet da kujera ja, ko ruwan lemo, ko rawaya, ko shuɗi, maimakon koren da aka san shi da shi. A lokacin ba su samu karɓuwa ba, har wasu dillalai suka riƙa mai da su kore domin su shiga. Yau waɗanda suka tsira da kalarsu ta asali suna cikin waɗanda aka fi nema. Akwai kuma 'yan gasar jan nauyi, waɗanda ke sayen tsohuwar Cub Cadet saboda giyarta, ba ruwansu da sauran jikin.

Tun ran gini ran zane: ribar wannan sana'a a wajen saye ake samunta ko a rasa ta, domin kuɗin da gyararriyar tarakta za ta yi a kasuwa sananne ne ga kowa, ba ya ƙaruwa don mai gyara ya saya da tsada. Ana samun tsofaffin taraktoci a tallan Craigslist da Facebook Marketplace, da gwanjon kayan gona, da gwanjon kayan mamaci da magada ke yi, da bayan shagunan dillalai inda ake jibge waɗanda aka kawo musanya. Akwai kuma manyan tarukan masu tsofaffin injuna, irin wanda ake yi kowace Agusta a Portland ta jihar Indiana. Lokacin saye mai kyau shi ne Oktoba da Nuwamba, sa'ad da yankan ciyawa ya ƙare, mutane ke neman sarari a gareji kafin sanyi. Tallan da ya fi amfani ga mai gyara shi ne mai cewa tana aiki sa'ad da aka ajiye ta, yanzu kuma ta ƙi tashi, domin sau da yawa tsohon fetur ne kawai da dattin kwantak. Amma wannan magana kowa na iya faɗinta, don haka ba a cinikin biri a sama. Sai an je an gani, an taɓa.

Dubawa tana farawa ne da inji a sanyi. Mai saye yakan roƙi kada a tayar kafin ya iso, yana zuwa kuma ya ɗora hannu a kan inji ya tabbatar, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙin farko. Sai ya zaro sandar auna baƙin mai. Mai baƙi ƙirin alamar sakaci ne, mai kalar madara ruwa ya shiga, mai ƙyalli-ƙyallin ƙarfe kuwa yana nufin wani abu na cin kansa a ciki. Wannan dubawa tana da muhimmanci musamman a injin Kohler K, domin ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai. Wani ɗan cokali ne a gindin sandar fistan ke fantsama mai yayin da inji ke juyawa. Mai yana yin ƙasa, sandar nan ta alminiyam sai ta yi zafi ta kama jikin karanshaf ko ta karye. In inji bai tashi ba, a juya shi da hannu. Wanda ya juya, aka kuma ji ya yi tauri a wani gurbi, yana da sauran rai. Wanda ya juya sakwaf ba tare da wata turjiya ba, mai yiwuwa sanda ta karye ko bawul ya maƙale a buɗe. Wanda ya ƙi motsi gaba ɗaya, sai a yi cinikinsa a matsayin mataccen inji. Akwai wani abu da ke ruɗar sababbin shiga: yawancin injunan Kohler K suna da wata 'yar dabara da ke ɗan ɗaga bawul lokacin tayarwa domin sauƙaƙa wa sitata, saboda haka agogon auna matsin silinda yakan nuna ƙasa da gaskiya. Gwajin da ya fi inganci shi ne a hura iska cikin silinda ta ramin fulogi, a saurari inda take tsiyaya: ta salansa, ta kabureta, ko ta bakin zuba mai.

Wasu injunan suna da sanannun ciwuka. Injin Onan yana da daɗin aiki da daɗewa, sai dai kayan gyaransa suna da tsada ƙwarai, har gyaran inji ɗaya kan cinye ribar tarakta biyu. Kohler KT17 na fitowar farko, mai silinda biyu, ya yi ƙaurin suna wajen karya sanda saboda raunin rarraba mai, musamman a kan gangare. Na fitowa ta biyu an gyara masa wannan. Mai sana'a yana karanta farantin da ke jikin inji kafin ya taya.

Daga inji sai giya. Mai giyar hannu a gwada kowace lamba, a ji ko tana fita da kanta ko tana gurnani. Mai giyar ruwa, wadda ke tafiya da matsin mai ba tare da canza lamba ba, sai an tuƙa ta har ta yi zafi sannan a hau tudu da ita, domin famfon da ya gaji yana ja da kyau a sanyi, ƙarfinsa na zubewa in mai ya yi zafi. Irin wannan ba a janta da igiya ko a tura ta da ƙarfi sai an saki bawul ɗin da aka tanada, in ba haka ba a lalata famfon tun kafin a isa gida. A leƙa shasi a nemi tsaga ko tsohuwar walda, a girgiza tayoyin gaba a ji lagwadar sitiyari. A duba ƙafafun baya kusa da bakin iska, saboda da yawa an ɗura wa tayoyinsu ruwan gishirin kalsiyam domin ƙarin nauyi, ruwan nan kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Kwanon yankan ciyawa da ke ƙarƙashi shi ne ya fi saurin ruɓewa, don ɗanyar ciyawa tana manne masa ta riƙe danshi. A ƙwanƙwasa shi da guduma, a juya wuƙaƙe da hannu a ji ƙarar boris. Bonet ɗin tsofaffin John Deere na roba mai zare ne, yana tsagewa, kuma samun lafiyayye ba araha.

Kayan da ke biye da tarakta su ma abin lissafi ne. Injin kaftu, da injin watsa dusar ƙanƙara, da faifan turawa, da maɗauri mai kafa uku, da nauyin tayoyi, kowanne yana da kasuwarsa. Cokalin loda na gaba sau da yawa ya fi taraktar da ke ɗauke da shi daraja. Mai ido yakan sayi matacciyar tarakta saboda tarkacen da ke jingine a bayan rumbu, waɗanda mai gida ya ce a haɗa da su a kwashe. Abu na ƙarshe shi ne farantin lambar jiki. In an ɓamɓare shi ko an goge, a bar cinikin, domin babu takardar mallaka ta hukuma a kan waɗannan injuna kamar yadda ake da ita a kan mota, lambar nan ce kaɗai shaidar da ke raba halattaccen kaya da na sata. Wajen lodi kuma a ja ta da na'urar ja zuwa kan tirela mai ƙasa-ƙasa. Hawa da ita kan katako zuwa bayan a-kori-kura ya sha kifar da tarakta ta baya a kan mai tuƙi.

Gyara yana farawa da wanki, sannan a kwance murfin da ya rufe inji. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, kuma taraktar da ta shekara goma a rumbu kusan kullum ɓeraye sun yi sheƙa a tsakanin haƙarƙarin silinda, sun cusa ciyawa da tsumma da ɓawon gyaɗa. Wanda ya tayar da inji bai share wannan ba, cikin rabin sa'a zai ƙona gaskit ɗin kai. Bayan haka a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo, mai lamba 30 in lokacin zafi ne, a ɗiga kaɗan ta ramin fulogi, a juya da hannu. Sai wuta. A buɗe ɗan murfin kwantak a gefen inji, a goge bakinsa har ya yi haske, a daidaita tazararsa zuwa inci 0.020, wato kimanin rabin milimita, a canza kwandansa da fulogi. Akwai kuskure ɗaya mai tsada a nan: wasu injunan da batir da kwayil suke ba da wuta, wasu kuma da maganadisu. Makunninsu kamarsu ɗaya a ido, amma in aka sa na batir a injin maganadisu, wutar batir za ta bi ta ƙona kwayil nan take.

Fetur shi ne ciwon da ya fi yawa. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin ɗari na etanol, wanda ke jan danshi daga iska yana kuma cinye tsohuwar roba. In ya daɗe a tanki sai ya koma wani danƙo mai ɗoyi ya toshe ƙananan ramukan kabureta. Ana sauke tanki a wanke tsatsa, a canza tiyo da matata, a kwance kabureta a jiƙa ta, a bi kowane rami da iska, a sa sabuwar allura da gaskit. Kasuwa ta cika da sababbin kaburetoci masu araha, kuma suna aiki, sai dai masu tarawa sun fi son ta asali, don haka mai hankali ba ya jefar da tsohuwar ko da ya sa sabuwa. Da wannan ɗan aiki, da sabon batir da bel, kaso mai yawa na taraktocin da aka sayar a matsayin matattu suke tashi.

In inji ya tashi yana shuɗin hayaƙi ko yana ƙwanƙwasa, aiki ya koma na masu injin sassaƙa ƙarfe. Su ne za su auna silinda su faɗaɗa ta da inci 0.010, ko 0.020, ko 0.030, gwargwadon cin da ta yi, su kuma rage wuyan karanshaf a sa sandar da ta dace da shi. A nan ne ya kamata mai sana'a ya tsaya ya yi lissafi kafin ya ci gaba, saboda daga wannan mataki kuɗi ke fara fita da gudu.

Haka ma batun fenti, wanda shi ne babban tarkon sana'ar. Gyara iri biyu ne. Akwai na aiki, wato a tayar da inji, a gyara birki da sitiyari da wuta, a wasa wuƙaƙe, a wanke, a goge tsohon fenti ya yi sheƙi. Akwai kuma mai da tarakta sabuwa fil: a kwance ta har noti na ƙarshe, a kankare kowane ƙarfe da yashi, a yi fenti da kalar kamfani, a manna sababbin tambura, a sa tayoyi huɗu da kujera. Na biyun yana da daɗin kallo, yana kuma cin watanni. A ɗauki misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin lissafi kawai. An sayi tarakta dala 300, an kashe 250 a batir da bel da kayan kabureta da tayoyin gaba, an sha man 50 wajen ɗauko ta. An sayar 900. Riba 300 ke nan, in kuma aikin ya ci sa'a 25, kowace sa'a ta tashi dala 12. Ita wannan taraktar, in aka ƙara mata 1,200 na fenti da tambura da tayoyi da aikin inji, aka sayar 1,800, uwar kuɗi kawai aka mayar, sa'o'i fiye da ɗari kuma sun tafi a banza. Cikakken sabuntawa yana biya ne kawai a kan samfurin da ke da wuyar samu, ko in wani ne ya kawo tasa ya ce a yi masa, aka yi jinga tun farko. Akwai ma inda fenti ke rage daraja. Tarakta mai fentinta na asali da tamburanta, ko da sun koɗe, masu tarawa sun fi son ta haka, domin sabon fenti kowa na iya yi, kuma fentin gwangwani da aka fesa a kan tsatsa da maiƙo yana sa mai saye ya yi zargin ana ɓoye wani abu.

Aikin yana da haɗarinsa ga lafiya, kuma bai kamata a raina shi ba don ana yin sa a gida. Amurka ta hana dalma a fentin gidaje a 1978, amma tsohon fentin injuna yana iya ɗauke da ita, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga yara. Tsofaffin birki da gaskit suna iya ƙunsar asbestos, don haka ba a hure su da iska. Sinadarin da ake zuba wa fentin mota domin ya yi tauri yana lahanta huhu, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Ba a walda a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen gareji.

Ba kowace tarakta ce ta cancanci a tashe ta ba. Wadda shasinta ya karye ko injinta ya fashe, sau da yawa ta fi kuɗi in aka sayar da ita gunduwa-gunduwa: bonet dabam, giya dabam, sitata, kujera, makunni, har ƙananan ƙarafan da ba a ƙera su yanzu. Ana tallata irin waɗannan a eBay a aika ta gidan waya, ragowar kuma a kai wa 'yan gwangwan a kan kilo. Hanya ce mai riba amma mai jinkiri, tana son wurin ajiya da haƙurin ɗaure kaya. Wasu masu sha'awa suna ƙyamar a farke lafiyayyar tarakta saboda kuɗi, kuma suna da gaskiya, domin ba a ƙara ƙera irinta. Farke matacciya kuwa shi ke raya wasu goma. Wannan ne ma dalilin da ya sa gogaggu ke tsayawa a kan kamfani ɗaya ko biyu: kayan wannan suna shiga waccan, ciwukansu sun zama sanannu, kuma mai neman irin wannan samfuri ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sayarwa tana bin yanayi. Afrilu da Mayu, sa'ad da ciyawa ta fara tashi, su ne kakar masu kwanon yanka da injin kaftu. Mai faifan turawa ko injin watsa dusar ƙanƙara kuwa sai dab da saukar ƙanƙarar farko. Talla mai kyau yana ɗauke da hotuna da rana ta kowane gefe, da hoton farantin lamba, da ɗan bidiyon tayarwa a sanyi, da bayanin abin da aka canza da abin da ba a taɓa ba. In giya tana ɗigar mai, a faɗa. In ringi kawai aka canza, kada a ce an sabunta inji. Kasuwar ƙarama ce, masu saye sun san juna, suna haɗuwa a taruka, kuma wanda aka kama da ɓoye aibi sau ɗaya labarinsa yana riga shi isa. Wajibi ne kuma a gaya wa mai saye cewa yawancin taraktocin shekarun 1960 ba su da makunnin ƙarƙashin kujera da ke kashe wuƙaƙe in mutum ya sauka, ba su da abin da ke hana yanka yayin ja da baya. Wanda ya saba da sababbi yana iya ɗauka akwai, gida mai ƙananan yara kuma ya kamata ya san haka kafin ya biya. Duk wani makunnin kariya ko murfin bel da tarakta ta zo da shi daga kamfani, a mai da shi wurinsa yana aiki kafin ta bar gareji.

Ana rufe ciniki da takardar sayarwa mai ɗauke da sunayen mai saye da mai sayarwa, da kwanan wata, da samfuri, da lambar jiki, da farashi, da bayanin cewa an sayar da ita a yadda take. Kuɗi hannu ya fi aminci. Akwai tsohuwar damfara da har yanzu ke cin mutane: wani ya aiko da cakin banki da ya zarce farashi, ya ce a mayar masa da rarar ko a ba direban da zai zo ɗauka, bayan kwanaki banki ya gano cakin na bogi ne.

Sana'ar tana da nata hakki a wurin hukuma. A Amurka, wanda ribarsa ta sana'ar kansa ta kai dala 400 a shekara dole ne ya bayyana ta ga hukumar haraji ta IRS, ya biya harajin masu zaman kansu, kuma ana cire kuɗin kayan gyara da na sufuri ne kawai in akwai rasit. Saboda haka kowace tarakta tana buƙatar shafinta a littafi tun ranar da aka sauke ta: nawa aka saya, me aka sa mata, sa'a nawa ta ci, nawa ta fita. Garuruwa da unguwanni da yawa kuma suna da dokar da ta hana tara injunan da ba sa aiki a filin gida ko buɗe wurin gyara a tsakiyar gidajen kwana, kuma inshorar gida ba lallai ta ɗauki asarar gobarar da ta tashi daga aikin kasuwanci ba. Mai niyyar shiga ya tambayi ofishin garinsa da kamfanin inshorarsa kafin ya sauke tarakta ta biyu a ƙofar gida.